Wane zakara ne uban 'yan tsakin? Abin da masu kiwon kaji a ƙasar Ruma ya kamata su sani

A ƙauyukan ƙasar Ruma, daga Batsari zuwa Safana, gidaje da dama da suka rasa shanunsu a shekarun da ɓarayin dajin Rugu suka addabi yankin sun koma dogaro da kaji da zabi. Ma'aikacin da ke Katsina kan sayi ƙaton zakara na zamani ya aika gida domin a inganta iri, sai bayan wata guda a ƙyanƙyashe 'yan tsakin da ba su ɗauko komai nasa ba. Akan zargi mai sayarwa da ha'inci, alhali sau da yawa dalilin yana cikin jikin kazar ne.

Barbarar kaji ba ta wuce 'yan daƙiƙu, amma aikinta yana daɗewa. A cikin hanyar da ƙwai ke bi akwai wasu ƙananan ramuka da kaza ke adana maniyyin zakara da ransa, tana sakinsa kaɗan-kaɗan ga kowane ƙwai da zai sauko. Ajiyar kan kai mako biyu zuwa uku, ta talo-talo kuwa ta haura wata guda. Kazar da ke yawo a unguwa tana haɗuwa da zakaru da yawa, don haka maniyyinsu ke taruwa wuri guda, kowanne na neman riga ɗan'uwansa isa ga ƙwan. Wannan ita ce gasar maniyyi, wadda masanin Ingila Geoff Parker ya fara bayyanawa a 1970, ko da yake a kan ƙwari ya yi nazarinsa.

A tsuntsaye, wanda ya zo daga baya yakan fi samun rabo, domin ajiyar farko tana raguwa a hankali. Yawa da kuzarin maniyyin su ma suna da tasiri. Shi ya sa zakaran gida, wanda ya san kowane lungu kuma ba ya gajiya da bin kaji, yake kayar da baƙon da ya fi shi nauyi, musamman idan baƙon ya tashi a keji, zafi da yawo sun galabaitar da shi.

Kazar ma tana da ta cewa. A shekarar 2000, Tommaso Pizzari da Tim Birkhead sun wallafa binciken da suka yi kan kajin da ke yawo sakaka a ƙasar Suwidin, inda suka gano cewa idan ƙaramin zakara ya fi ƙarfin kaza, takan fitar da maniyyinsa nan take, ta fi riƙe na zakaran da ke mulkin garken. Baƙon zakaran da bai riga ya yi faɗa ya sami matsayi ba yana iya hawa kaza sau da dama ba tare da ya bar iri ba. Shi ma zakara yana tattalin abin da yake da shi: binciken da ya biyo baya ya nuna yakan ba sabuwar kaza fiye da wadda ya saba da ita.

Abin da wannan ke nufi ga mai kiwo a bayyane yake. Kafin a kawo sabon zakara, sai a raba kajin da tsofaffin zakaru, har da na maƙwabta, na kimanin mako uku, kuma ƙwan da aka saka a lokacin a ci ko a sayar. Bayan haka ne za a tara na kwanci. Wahalar ita ce killacewa na buƙatar tsaba da akurki mai kyau, abin da ba kowane gida ke iya ɗauka ba a tsakiyar damina.

Lamarin zabi ya bambanta. Zabin daji suna rabuwa biyu-biyu idan lokacin saka ƙwai ya zo, kuma na gida da ake sakewa ba su rabu da wannan ɗabi'a gaba ɗaya ba. Zabo kan maƙale wa zabuwa guda yana gadinta, wanda shi ma wata hanya ce ta hana abokin gasa kusantarta. Mai kiwon da ya sayar da mazan lokacin Sallah ya bar ɗaya ga zabi goma zai ga ƙwai ya cika gurbi, domin zabuwa na saka ƙwai ko babu namiji. Sai an ɗora wa kaza ta kwanta a kai kusan kwana 28 sannan a tarar da yawancinsu baragurbi ne. Kuskuren yana da sauƙin aukuwa, tunda namiji da mace sun yi kama ƙwarai. Kuka ne ke raba su: zabuwa na iya yin kuka mai gaɓa biyu, namijin kuwa gaɓa ɗaya kawai yake maimaitawa.

Ɗan kasuwar da ke saro ƙwan zabi domin ci bai damu da wannan ba. Wanda zai saya domin ƙyanƙyasa kuwa, gara ya tambayi yawan mazan da ke garken tun kafin ya tambayi farashi.