Soyayyar Shinkafa Da Shinkafar Fadamunmu

A 'yan shekarun nan da wuya a yi walimar suna ko ta aure a Ƙaura Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, ba a ga soyayyar shinkafa cikin abincin da aka fitar ba. Yara sun ɗanɗana, sun san daɗinta, in Salla ta gabato sai su dami iyaye da roƙo. To, abin da ke hana magidanta da yawa amsa musu shi ne wata magana da ta bazu, wai ita ba ta yiwuwa sai da shinkafar waje. Akawu ko malamin makaranta ya dubi albashinsa, ya dubi kuɗin buhun 'yar waje, sai ya ce a haƙura a dafa garau-garau. Mu kuwa muna ganin maganar nan ba ta da tushe, kuma tana sa kuɗin ƙasar nan suna tafiya inda ba su dawowa. Shi ya sa muka ga ya kyautu mu bayyana yadda ake yinta da shinkafar gida.

Ai shinkafa ba baƙuwa ba ce a nan. Masana sun nuna tun kimanin shekara 3,000 da suka wuce ake noman jar shinkafa ta Afirka a fadamun kogin Kwara, can cikin ƙasar Mali. Mutanen Shinkafi da kansu suna cewa daga shinkafa sunan garinsu ya fito. Gulbin Gagare da ya bi ta Ƙaura Namoda, da na Bunsuru da ya bi ta ƙasar Zurmi, su ne ke shayar da fadamun da kakanninmu suka yi ta shuka ta. Amma a wancan zamani abincin ranar farin ciki ce, a tuƙa tuwo da ita, ko a toya masa, sauran kwanaki kuwa gero da dawa ne ke riƙe da gida. Cin shinkafa kullum bai kama jiki ba sai daga shekarun 1970, sa'ad da kuɗin man fetur suka yawaita, jiragen ruwa suka riƙa sauke farar shinkafa daga ƙasashen waje. Tun daga nan ido ya saba da dogon tsaba mai sheƙi, aka shiga raina ta gida. Da Gwamnatin Tarayya ta rufe kan iyaka a watan Agusta 2019 don hana fasa-ƙwaurinta, har zuwa Disamba 2020, mutane da dama suka koma wa ta gida ala tilas, suka tarar ba ta kashe kowa ba.

Shi kansa suyan, daga ƙasar Sin ya samo asali, inda suke soya shinkafar da ta huce da ƙwai da ɗan nama. Da ya zo Nijeriya sai mutanen Kudu suka ƙara masa kori da hanta, ya biyo makarantu da gidajen ma'aikata ya iso Arewa. Abin da za a riƙe daga wajen Sinawa guda ne: ba a soya jiƙaƙƙiyar shinkafa. Duk wadda ta yi ta caɓe mata, nan kuskuren yake.

Tun da yake a galibin gidajenmu maigida ne mai cefane, aikin daga hannunsa yake farawa. In ka je kasuwa, ko ta Alhamis ce a Shinkafi, ka nemi shinkafar gumi, watau wadda aka turara tun tana cikin ƙaiƙayinta, aka shanya, sa'an nan aka casa. Turarin nan yana ƙarfafa tsaba, ba ta saurin narkewa a tukunya, kuma yana tura amfanin da ke jikin dusa zuwa cikin ƙwayar. Ɗebi kaɗan ka zuba a tafin hannu. In rabinta gutsattsari ne, ka bar ta, ta tuwo ce. In ka ji warin tsami, an bar ta ta daɗe a ruwa wajen gumi, ita ma ka wuce. Sabuwar shinkafa ta kaka tana da danƙo, wadda ta kwana biyu a rumbu ta fi warwarewa. Gwangwanin madara 6 ya ishi gida mai mutum 8. A haɗa da nama rabin kilo, da hanta kwata, da karas 4, da albasa 3, da koren tattasai 2, da damin koren wake ɗaya, da lawashi.

Laifin shinkafarmu da ba mu musu shi ne tsakuwa, domin a ƙasa ake sussuka, a ƙasa ake shanya. Maganinta kuwa tsoho ne: a bakace, a tsince, a rege a ƙwarya da haƙuri, kamar yadda iyayenmu mata ke yi. A wanke sau uku ko huɗu, har ruwan ya daina fari.

Sai a dafa naman da albasa ɗaya, da citta, da tafarnuwa, da gishiri, da ɗan kori. In ya yi laushi a tsame, a yanka ƙanana, a soya sama-sama. Hanta dabam za a tafasa ta, gama ruwanta yana baƙanta abinci. Romon nan da aka tsame nama daga ciki, kada a kuskura a ba yara su shanye, shi ne ran girkin. A tace shi, a mayar kan wuta, a ƙara kori da ɗan kurkur don launi, in ya tafasa a zuba shinkafa. Ruwan ya tsaya daidai kan shinkafar, kada ya haura ta fiye da gaɓar yatsa ɗaya. Nan ne ake yawan ɓata ta gida, don an saba cika mata ruwa kamar za a yi tuwo. A rufe, a rage wuta, a bar muciya a rataye. Sa'ad da ruwa ya tsotse, tsaba ta nuna amma da sauran ɗan ƙarfi in an danna ta tsakanin yatsu, sai a sauke, a baza a faffaɗan tire, a fifita da faifai har tiriri ya fita. Minti 20 ko 30 ya isa.

Suya da wuta mai ƙarfi ake yi, kuma kashi-kashi. A zuba man gyaɗa ludayi ɗaya a kasko mai faɗi. Man gyaɗa dai ba a gaya wa mutumin Ƙaura Namoda labarinsa, tun da gyaɗa da auduga ne manyan kayan da jirgin ƙasa ya riƙa kwasa daga garin bayan hanyarsa ta iso daga Zariya a 1929. In man ya yi zafi a sa albasa, sai karas, domin shi ya fi tauri, sai koren wake, sai hanta da nama. Bayan minti uku ko huɗu a zuba kashi ɗaya cikin uku na shinkafar, a yi ta juyawa har kowace tsaba ta sha mai. Koren tattasai da lawashi su ne na ƙarshe, su ji zafi kawai, kada su mutu. A juye, a sake ɗora wani kashin. Wadda ta tara shinkafar duka a tukunya guda, turara ta yi, ba suya ba, ta ƙasa ta ƙone, ta sama ta yi lami.

Wani zai ce kayan lambun nan ai sun fi ƙarfin aljihu. Da sanyi, lokacin da lambuna suka yi, karas da kabeji da albasa suna araha. Da damina kuwa a yi da abin da ke akwai. Mun ci wadda aka yi da ganyen zogale da aka tafasa aka matse, muka ga ba ta gaza ba. Fis na gwangwani da masarar gwangwani ado ne na masu hali, rashinsu bai rage kome ba. In nama ya yi tsada, hanta kaɗai da ƙwai 3 sun wadatar. Mun sani kuma tsadar ba daga manomi take ba. 'Yan bindiga sun hana ƙauyuka da yawa na ƙasar Zurmi da Shinkafi zuwa gonakinsu, waɗansu sai sun biya kuɗi kafin su girbe abin da suka shuka, har a 2021 Gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci. Wanda ya kai tiyar shinkafa kasuwa cikin wannan hali ya cancanci a saya a hannunsa.

Saura gargaɗi guda, kuma shi ya fi duk abin da muka faɗa nauyi. Soyayyar shinkafa ba ta jimre ajiya. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin ƙasa, tana bin shinkafa tun daga gona, tafasa ba ta kashe irinta. In dafaffiyar shinkafa ta zauna da ɗumi-ɗumi sa'o'i, sai ƙwayar ta hayayyafa ta zuba dafi, dafin kuwa ɗumame ba ya karya shi. Mai ci sai ya kama amai cikin sa'a ɗaya zuwa biyar, yara ƙanana da tsofaffi su suka fi jin jiki. Al'adar nan ta a girka da asuba, a danne cikin kula, a raba da la'asar, ita ke kawo yawan ciwon ciki bayan biki, a dinga zargin mai ko nama. Cikin zafin bazara irin na ƙasar nan kada ta wuce sa'a 1 a ajiye. Gidan da ke da firiji mai wuta sai a baza ragowar ta huce da sauri, a sa ciki, a cinye kashegari bayan an ɗumama ta sosai. Gidan da babu, a auna daidai bakin masu ci, in ta yi saura a miƙa wa maƙwabta da almajirai tun tana da zafi.