Abin Da Ke Bambanta Goran Roba Mai Ƙwari Da Mai Gautsi

Masana'antu biyu kan sayi tsabar roba iri ɗaya, amma goran wannan ya fito garai-garai da ƙwari, na waccan kuwa ya fito dishi-dishi, yana tsagewa tun a cikin mota. Sau da yawa bambancin yana ga yadda aka sarrafa robar ne.

Robar PET, wadda ake yin gorunan ruwa da lemo da ita, ta isa misali. A shekarar 1973 ne Nathaniel Wyeth na kamfanin DuPont a Amurka ya sami rajistar ƙirƙiro irin wannan gora, kuma ingancinsa ya rataya a kan matakai uku.

Na farko shi ne busarwa. Tsabar PET tana shan laimar iska, don haka ake busar da ita na awa 4 zuwa 6 a zafin digiri 160 zuwa 180 na ma'aunin Selsiyus. In aka narka ta da danshi, ruwan yakan tsittsinka dogayen sarƙoƙin sinadarin da ke riƙe da ita, ƙarfinta ya ragu.

Na biyu shi ne sanyayawa. Bayan an narka ta, akan ɗura ta cikin mazubin ƙarfe mai sanyi, ta fito a matsayin ɗan bututu mai kauri. In ta huce da sauri, sai ta zama kamar gilashi. In kuwa ta huce a hankali, ƙananan ƙwayoyi kan taru a cikinta su tare haske, ta yi fari, ta kuma yi gautsi.

Na uku shi ne miƙarwa. Akan sake ɗumama bututun zuwa kimanin digiri 100, a miƙe shi da sandar ƙarfe, a hura shi da iska mai ƙarfi. Wannan ne ke jera sarƙoƙin a tsaye da kuma a kwance, har siririn gora ya iya riƙe lemo mai gas.

Dukkan matakan nan suna bukatar wutar lantarki marar yankewa. Saboda haka masana'antar da ke kashe na'urar busarwa ko ta sanyaya ruwa don tsimin man janareta, a Sharaɗa take ko a Ikeja, takan biya kuɗin daga baya a kayan da aka maido mata.

Ga mai sayen sari, kafin ya biya, ya ɗaga goran ga haske. Hazo a wuya ko gindi, ƙananan kumfa, ko gefe guda da ya fi ɗaya kauri, duk alamu ne na kuskuren sarrafawa, kome arhar kayan.