Haɗin Kan Ƙananan Hukumomi a Birnin Sakkwato da Kewayensa

Gabatarwa

Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda wannan karin magana ya shafi ƙananan hukumomin da suka raba birnin Sakkwato a tsakaninsu, da dalilan da suka sa gyaran ayyukan jama'a ba zai yiwu ba sai sun haɗa kai.

Daga En'e zuwa Ƙaramar Hukuma

A zamanin Turawa, ƙasar Sakkwato tana ƙarƙashin En'e guda wadda Sarkin Musulmi ke shugabanta. Hakimai kan tara haraji da jangali daga gundumomi, a zuba a baitulmali ɗaya, daga nan a biya malaman makaranta da na asibiti da ma'aikatan gyaran hanya. Tsarin yana da nasa aibu, domin talaka ba shi da ta cewa, amma dai aljihu ɗaya ne, shiri kuma ɗaya.

A shekarar 1976, wadda a cikinta aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, gwamnatin soja ta yi wa mulkin ƙananan hukumomi gyaran fuska a ƙasa baki ɗaya. An so kowace hukuma ta ƙunshi mutane tsakanin 150,000 da 800,000, aka kuma janye ikon zartarwa daga hannun sarakuna. Daga baya aka yi ta yanka sababbi har suka kai 774 a Nijeriya. Bayan fitar Kabi a 1991 da Zamfara a 1996, Jihar Sakkwato ta tsaya da 23.

Gari Ɗaya, Hukumomi Da Yawa

Cikin birni ya kasu biyu, wato Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu. Amma gari ya bunƙasa ya tsallake waɗannan iyakoki, ya kutsa cikin Wamakko da Dange-Shuni da Kware. Unguwar Arkilla da masana'antar siminti ta Kalambaina da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo duk a Wamakko suke. Saboda haka mutum kan kwana a wata hukuma, ya yi kasuwa a wata, ya kai ɗansa asibiti a ta uku.

Tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara da rajistar haihuwa da mutuwa, da kuma sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Da wuya a sami ɗaya daga cikin waɗannan da ke tsayawa a kan iyaka. Magudanar da aka share a wannan unguwa, in aka bar ta a toshe a ta gaba, aikin banza aka yi. Haka nan cutar amai da gudawa ba ta tambayar mazaɓa. Ambaliyar shekarar 2010, wadda ta karya hanyar da ta haɗa jami'a da gari, ta nuna cewa gulbin Rima ya ɗaure hukumomin da ke bakinsa da igiya ɗaya.

Haɗin Kai Iri Biyu

Ya kamata a bambanta abubuwa biyu. Na farko shi ne asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na tsarin mulki ya tanada. Wannan haɗi ne daga sama, kuma an daɗe ana kukan cewa gwamnatocin jihohi na riƙe kuɗin. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.

Na biyu shi ne haɗin tsara da tsara, irin na gayya, inda kowa ke zuwa da fartanyarsa bisa yarda. Faransa, mai ƙananan hukumomi wajen 35,000, ta yi doka tun 1890 wadda ta ba su damar kafa ƙungiya don aiki guda, kamar ruwan sha ko shara. Kowace tana zuba kuɗi, tana kuma da wakili a majalisar ƙungiyar.

Irin wannan ne zai dace da Sakkwato. Motar kwashe shara ko katafila ta fi ƙarfin hukuma guda, amma biyar za su iya saye su yi karɓa-karɓa. Za su iya buɗe juji ɗaya a bayan gari, su daidaita kuɗin rumfa da na tasha, su kuma ajiye rajistar haihuwa a kwamfuta bisa tsari guda. Sharaɗin kawai shi ne a rubuta yarjejeniya, a fayyace kason kowa gwargwadon yawan jama'arsa, a kuma riƙa bayyana lissafi, don kada a yi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kammalawa

En'e ta haɗa aljihu amma ta hana talaka murya. Gyaran 1976 ya matso da mulki kusa da jama'a amma ya rarraba ƙarfi. Aikin da ya rage wa ƙananan hukumomin Sakkwato shi ne su riƙe 'yancinsu, su kuma haɗa hannu a kan duk aikin da ya tsallake iyakar ɗayansu.