Iskar SF6 da makomar tashar lantarki ta Gagarawa

Dokar da Tarayyar Turai ta zartar a 2024 ta haramta kafa sabbin na'urorin katse wuta masu aiki da iskar SF6: na kilobolt 24 zuwa ƙasa daga Janairun 2026, na kilobolt 52 zuwa 145 daga 2028. Rukuni na biyun ya shafi arewacin Jigawa a kaikaice, domin tashar Gagarawa ta kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa (TCN), wadda kamfanin rarraba wuta na KEDCO ke ɗaukar wuta daga gare ta zuwa Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar, ta kilobolt 132 ce. Kayan da Turai ta ƙi kuwa, kasuwarsu tana iya komawa Afirka.

An rungumi SF6 ne saboda ba ta kama wuta, tana kashe tartsatsi nan take, kuma tana sa na'ura ta zama ƙarama. Illarta ita ce kilo ɗaya nata yana dumama duniya kamar kilo 23,500 na iskar kabon, kuma tana zama a sararin sama fiye da shekara 1,000. Babbar ɓarnar daga yoyo take zuwa. Zafin bazara da ƙurar hunturu suna tsufar da robobin da ke rufe mahaɗa, iskar ta riƙa sulalewa, a yi ta ƙara wata. Inda babu injin zuƙe ta, lokacin gyara ko sauke tsohuwar na'ura sai a sake ta sama.

Madadin iri biyu ne. Siemens Energy da Schneider Electric suna amfani da busasshiyar iska, su katse wutar cikin kwalbar da aka zuƙe iskarta ƙaf. GE Vernova da Hitachi Energy kuma suna gauraya sinadarin fuloronaitiril da iskar kabon, wanda ke rage illar da kusan kashi 99 cikin 100. Tsananin sanyi ne ke takura wannan gauraye, abin da yankin Gumel bai sani ba.

Akwai masu cewa sabbin na'urorin sun fi tsada, kuma ɗan kasuwar Maigatari wuta yake nema kafin komai. Gaskiya ne, amma na'urar da aka kafa yau takan yi shekara 30 zuwa 40 tana aiki, kuma kayan gyaranta za su yi wuya idan masana'antu suka juya mata baya. Saboda haka ya wajaba TCN da KEDCO su sa sharaɗin na'ura marar SF6 a sabbin kwangiloli, su samar da injinan zuƙe iskar, su horar da ma'aikata kan gano yoyo a tsofaffin tashoshi.