Kowane Jirgi Da Mai Shi

Ranar 2 ga Maris 2021, ranar da aka sako 'yan matan makarantar Jangebe su 279, mai ba Shugaba Muhammadu Buhari shawara kan harkokin tsaro, Manjo Janar Babagana Monguno mai ritaya, ya shaida wa 'yan jarida a Abuja cewa an hana jirage shawagi a sararin samaniyar Jihar Zamfara, an kuma haramta haƙar ma'adinai. Daga baya kakakin shugaban, Malam Garba Shehu, ya ce ana zargin wasu jirage da kai wa 'yan bindiga makamai suna kwasar zinare. Ga mutanen Anka da Bukkuyum da Gummi wannan ba sabon zance ba ne, don an daɗe ana yin sa a tashar mota da rumfar mai shayi. Abin da sanarwar ba ta zo da shi ba shi ne lambar jirgi ko guda, ko sunan mai shi.

Wannan giɓi ba ƙarami ba ne ga yankin da ya biya zinare da rayukan 'ya'yansa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke da Yargalma, saboda ana niƙa duwatsun zinare a tsakar gida, yara na wasa cikin ƙurar. Mutanen da suka ga wannan sun cancanci fiye da a ce musu "ana zargi". Kuma a duk abin hawa na duniya, babu wanda ya kai jirgin sama wuyar ɓoyewa.

Tun yarjejeniyar Chikago ta 1944 aka tsayar cewa kowane jirgin farar hula yana da ƙasa ɗaya da ta yi masa rajista, kuma dole ya ɗauki lambarta a jikinsa. Na Najeriya yana farawa da 5N, na Nijar da 5U, na Amurka da N. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, ita ke riƙe da kundin da ke nuna wanda ya yi rajistar kowane jirgi mai 5N. Ban da wannan, akwai wani ɗan falle na ƙarfe da kamfanin da ya ƙera jirgin ke mannawa a jikinsa, ɗauke da lambar ƙira wadda ba ta canzawa ko an sayar da shi sau goma. Sai kuma littattafansa. Gangar jirgin na da nata, kowane inji na da nasa, farfela ma haka. A ciki ake rubuta awa nawa ya yi a sama, yaushe aka buɗe injin, wane injiniya ya sa hannu, ya taɓa dukan ƙasa ko bai taɓa ba. Jirgin da littattafansa suka ɓace darajarsa ta zube a kasuwa, domin mai saye tarihin yake saye kafin ƙarfen.

Gaskiya ne masu kuɗi na iya lulluɓe sunansu, su yi wa jirgi rajista da sunan wani kamfani ko amintacce a wata ƙasa. Amma jirgi sai ya sha mai, kuma kananzir ɗinsa a filin jirgi ake sayar da shi da takarda. Sai ya tashi daga wani wuri, wani ya tuƙa shi da lasisi. A Talata Mafara, maƙwabciyar Anka, akwai ɗaya daga tashoshin rada tara da aka kafa a shirin sa ido kan samaniyar Najeriya wanda aka ƙaddamar a 2010. Ita irin wadda ke tambayar jirgi ce, na'urar da ke cikinsa ta amsa da lambarsa da tsayin da yake. Matuƙin da ya kashe na'urarsa ya ɓace mata, amma kashewar kanta abin tuhuma ne, kuma a filin da ya baro an rubuta lokacin tashinsa.

Ya kamata kuma a raba jirgi mai saukar ungulu da mai fukafuki. Na farko filin ƙwallo ya ishe shi. Na biyu sai da titi. Ƙaramin jirgi mai inji biyu samfurin King Air 350, in ya ɗauki cikakken kaya, yana buƙatar kusan kilomita guda na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kafin ya ɗaga. Ba a share irin wannan fili a dajin Gando na Zamfara ba tare da manoma da makiyaya sun gani ba, balle tauraron ɗan Adam.

Na ambaci King Air ne don shi ne ƙaramin jirgi mai inji biyu da 'yan Arewa suka fi jin sunansa a shekarar da aka rufe samaniyar Zamfara. Kamfanin Beech, wanda Walter Beech da matarsa Olive Ann suka kafa a garin Wichita na Amurka a 1932, shi ya fito da shi a 1964. Kamfanin ya sha sauya hannu: Raytheon ya saye shi a 1980, ya zama Hawker Beechcraft a 2007, ya durƙushe a 2012, sannan Textron ya karɓe shi a 2014. An ƙera fiye da 7,000, ana ɗaukar marasa lafiya da manyan mutane da su, ana kuma leƙen asiri. Jirgi ne mai kyakkyawan suna. Duk da haka Rundunar Sojin Saman Najeriya ta rasa guda biyu cikin wata uku.

Na farko, mai lamba NAF 201, ya tashi daga Abuja ranar 21 ga Fabrairu 2021 zuwa Minna, cikin aikin neman ɗaliban Kagara da aka sace. Matuƙin ya sanar da matsalar inji, ya juyo, jirgin ya faɗi kafin ya kai titin sauka. Sojoji bakwai da ke ciki suka rasu. Na biyu, NAF 203, ya faɗi ranar 21 ga Mayu kusa da filin jirgin Kaduna cikin mummunan yanayi, ɗauke da Babban Hafsan Sojin Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da mutum goma. Babu wanda ya fita.

Mutane da yawa sun yi tambaya a lokacin: in inji ɗaya ya mutu, ina amfanin na biyun? Injinan suna kan fukafukai ne, ɗaya dama ɗaya hagu. Wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san abin da ke faruwa in sa ɗaya ya durƙusa ɗayan na ci gaba da ja: garmar ta karkata ta nufi ɓangaren wanda ya faɗi. Haka hancin jirgi ke yi. Farfelar injin da ya mutu ba ta tsayawa, iska ke juya ta, tana ƙara riƙe wannan ɓangare baya, sai an juya ruwanta sun fuskanci iska da kaifi. Matuƙi kuma dole ya danna ƙafarsa a ɓangaren injin da ke da rai don filafilin wutsiya ya miƙar da jirgin. Akwai wani gudu da in jirgin ya yi ƙasa da shi, wutsiyar ba ta da ƙarfin yin wannan aiki, sai ya mirgine. A can sama akwai sararin gyara. A daf da ƙasa, lokacin tashi ko sauka, 'yan daƙiƙu ne kawai. Inji na biyu yana ceton rai a hannun matuƙin da ake yawan maimaita wa wannan horo, irin wanda ake fara koyarwa a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964.

An ga haka ƙarara a garin Addison na jihar Texas ranar 30 ga Yuni 2019, inda wani King Air 350 ya faɗa kan rumfar ajiye jirage jim kaɗan da tashi, mutum goma suka mutu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano ƙarfin injin hagu ya ragu, matuƙin ya danna ƙafar da ba ita ba, kuma bai bi jerin abubuwan da ake dubawa kafin tashi ba. Rahoton yana intanet, da sunan kamfanin da ya mallaki jirgin, da awannin matuƙin. Mai waya a Gummi zai iya karanta shi yau.

Namu fa? Rundunar Sojin Sama ta gayyaci Hukumar Binciken Haɗurran Jirage, wadda yanzu ta koma NSIB, ta taya ta binciken haɗarin Kaduna. A Satumba 2021 hukumar ta miƙa wa Babban Hafsan Sojin Sama, Oladayo Amao, rahoton wucin gadi mai ɗauke da abubuwa 27 da aka gano da shawarwari takwas. An sanar da adadin, ba a karanta wa jama'a abin da ke ciki ba. Na yarda soja na da sirrin da ba a tallarsa, amma dalilin faɗuwar jirgin da aka saya da kuɗin talakawa ba ya cikin wannan sirri. Inda aka yi shiru, jita-jita ke cikewa, kuma ita ce ta cika maganar mutuwar Attahiru kamar yadda ta cika maganar jiragen Zamfara.

Saboda haka kira na ga 'yan majalisar da ke wakiltar Gummi da Bukkuyum, da na Anka da Talata Mafara, da sarakunan yankin. Ku nemi a faɗa a zauren majalisa ko an taɓa kama wani jirgi yana kai makamai ko ɗaukar zinare a yammacin Zamfara. In an kama, a faɗi lambarsa da wanda ya yi masa rajista, a gurfanar da shi gaban kotu. In ba a kama ba, a fito a faɗa wa jama'a, don hankali ya koma kan babura da motocin da ke bin hanyoyin ƙasa. Ku kuma nemi NCAA ta buɗe kundin rajistarta yadda kowa zai iya duba lambar jirgi ya ga mai shi, a kuma fitar da sakamakon binciken NAF 201 da NAF 203 don iyalan mutum 18 ɗin nan su san abin da ya faru da 'yan uwansu.