Girki ba tukunya: Yadda masu kwanan daji a Amurka ke dafa abinci a garwashi

Da zarar lokacin zafi ya kama a Amurka, iyalai da yara 'yan sikawut kan ɗauki tanti su tafi kwana a daji. Da yawansu ba sa wahalar ɗaukar tukunya. Abin da suke sakawa a jaka shi ne takardar foyil, irin wadda masu gasa kifi a Abuja ke naɗe tarwaɗa da ita. Tun 1947 kamfanin Reynolds ya fara sayar wa Amurkawa ita don amfanin gida.

Haɗin ba shi da wuya. Ana yanka dankalin Turawa fale-fale, a zuba albasa da karas da curin niƙaƙƙen nama, a sa gishiri da ɗan mai, sannan a naɗe ninki biyu a danne bakin sosai. Turirin da ya rasa hanyar fita shi ke dafa komai. Kowa da ƙunshinsa, kuma babu wanke-wanke.

Wurin wuta ne sababbin shiga ke yin asara. Yunwa kan sa su jefa ƙunshin cikin harshen wuta, sai bayan dankalin ya ƙone ƙurmus, naman ciki kuwa ɗanye shar. Waɗanda suka saba sukan jira itace ya cinye ya zama garwashi, su ɗora ƙunshin a kai na kusan rabin awa, su juya shi sau ɗaya. Wannan ba batun ɗanɗano ba ne kawai: ma'aikatar noma ta Amurka ta ce kada a ci niƙaƙƙen naman sa sai zafin cikinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin salshiyos, kaza kuma 74. Gudawa a tsakiyar daji, nesa da asibiti, ba abin wasa ba ce. Tumatir da lemon tsami kuma suna cin foyil, gara a ƙara su bayan an buɗe.

A Ostireliya da Afirka ta Kudu akan yi amfani da wani ƙarfe mai baki biyu da dogon mariƙi. A shafa bota a bayan yankan burodi biyu, a sa cuku ko dafaffen nama a tsakani, a datse, a tura cikin garwashi. Cikin 'yan mintoci gefen burodin ya manne, sai dai cukun ciki kan ƙona harshen mai gaggawa.