SONUCI: gidaje kaɗan, birni na ta faɗi

A shekara ta 1960, da Nijar ta sami mulkin kanta, mutanen Yamai ba su wuce dubu 30 da ƴan kai ba. Sabuwar gwamnati tana bukatar malaman makaranta, da likitoci, da ma'aikatan ofis, waɗannan kuwa suna bukatar wurin kwana. Don haka ne, a farkon shekarun mulkin kai, aka kafa kamfanin tsara birane da gina gidaje da aka fi sani da SONUCI, wanda gwamnati ke da babban hannun jari a ciki. Bankin Crédit du Niger, da ya riga shi haihuwa tun zamanin Turawa, shi ke ba da rancen gini.

Tsarin mai sauƙin ganewa ne. Kamfani ya sami fili, ya yanka, ya fitar da hanyoyi, ya gina gidajen siminti iri ɗaya, sa'an nan ya ba da haya ko ya sayar. Abin da ya fi jan hankalin ma'aikata shi ne hayar da ke ƙarewa da mallaka: kowane wata a cire wani abu daga albashi, in shekaru sun cika gida ya zama na mai shi. Har yau akwai unguwa a Yamai da ake kira da sunan kamfanin.

To amma dubi ƙidaya. A 1977 an sami mutum wajen dubu 240 a Yamai, a 1988 kusan dubu 400, a 2012 sun zarce miliyan ɗaya. Babu kamfani guda da zai iya bin wannan gudu, ko a lokacin da kuɗin uraniyom na Arlit ke shigowa. Da farashin ƙarfen ya faɗi a farkon shekarun 1980, aljihun gwamnati ya bushe. Babban bankin BDRN ya durƙushe a 1990. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, ƙarfen gini da kwanon rufi da duk abin da ake shigowa da shi daga waje suka yi tsada. Albashin da aka dogara da shi wajen biyan gida kuwa, a waɗannan shekaru sai a yi watanni ba a gan shi ba. A ƙarshe, zamanin Shugaba Tandja Mamadu, da filaye aka biya ma'aikata wani kaso na bashin albashinsu. Wanda ke da hali ya gina; da yawa suka sayar wa ƴan kasuwa da araha.

A ganinmu, babban giɓin yana cikin tsarin tun asali. An yi shi ne domin mai takardar albashi. Ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram, ko da ribarsa ta ninka albashin darakta, ba shi da takardar da banki ke nema, balle mai tebur ko magini. Shi ya sa mafi yawan gidajen biranenmu masu su ne suka gina da kansu, bana ɗaki, baɗi katanga, galibi da tubalin ƙasa. Ambaliyar 2020 da ta 2024 sun nuna tsadar wannan hanya, don irin waɗannan gidaje ne suka fi rushewa.

An yi ƙoƙarin gyara. A 1998 aka yi dokar manufar ƙasa game da muhalli, amma sai a ƙarshen 2018 aka buɗe Bankin Gidaje na Nijar, shekara 20 ke nan tsakani. Abin da magidanci ke so ya ji daga bankin da SONUCI bai wuce tambaya uku ba: shekara nawa za a ba shi ya biya, nawa ne kuɗin ruwa, kuma wace shaida za a karɓa daga wanda ba ya cin albashi.